Sunan da Hannuna Ya Ƙi Rubutawa a Gusau

Haƙƙin duk wanda ya yi aiki ne a rubuta sunansa a kan aikinsa, kuma wajibin mai riƙe da rijista ne ya rubuta shi daidai, ko mai aikin na kusa da shi ne ko na nesa. A kan wannan ƙa'ida na yi aikin gwamnati tun ina saurayi har furfura ta cim mini. A kanta kuma na hore ku, 'ya'yana, har wasunku suna kirana Sai-An-Rubuta a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Na sani. Abin da ku ba ku sani ba, ko kuka san rabinsa, shi ne sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida, kuma wadda na karya ta a kanta ita ce yayarku Uwani. Saboda haka a wannan babi zan ajiye jerin ofisoshin da na zauna, in tsaya a kan shekara guda.

A lokacin ni ne mai kula da bayanai a ofishin rijiyoyi na shiyyarmu, wanda ke Gummi, yake da reshe a Anka da wani a Bukkuyum. Kowane wata masu awo sukan zura igiya mai alamomi a rijiyoyin ƙauyuka, su kawo mini zurfin da suka iske ruwa, ni kuma in shigar a rijista. Daga waɗannan lambobi muke fitar da zanen awo, wato layi mai hawa da sauka da ke nuna inda ruwa ke kaiwa da damina da inda yake komawa da bazara. Da wannan zane maginan rijiya ke sanin inda za su tsaya kafin su ɗaure ta da siminti. Da rula da fensir muke yi, har wani injiniya da ya zauna da mu shekara biyu ya bar mana kwamfutoci da wata manhajar zane. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya mayar wa jama'a gyaransa. Masu yin ta mutane ne a ƙasashe dabam-dabam, masu aikin sa kai, da yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Na daɗe ina zargin akwai wata a ƙasa, har na gane gayya ce irin wadda muka tashi muka iske iyayenmu na yi a gona, sai dai tasu gonar ba a ganin ta.

Manhajar ta iya zane, amma ba ta jin yaren na'urar da za ta fitar da zanen a takarda. A tsakaninsu akwai wani ɗan gajeren rubutu da masu sana'ar ke kira direba, aikinsa tafinta: ya karɓi magana daga manhaja ya faɗa wa na'ura da yaren da take ji. A Gummi muna da babbar na'urar zane mai hannun ƙarfe da alƙaluma huɗu, a Anka akwai ƙaramarta mai alƙalami ɗaya, a Bukkuyum kuwa firinta ce. Injiniyan ya bar wa kowace nata direban. Bayan tafiyarsa sai abin ya zama kasuwa. Duk ranar da aka sayo takarda mai wani girma, ko alƙalami ya fara tsallake, sai wani ma'aikaci ya kwafi direba, ya canza lamba ɗaya a ciki, ya laƙaba masa suna, ya zuba a faifan fulofi ya ba abokinsa. Da na ƙidaya sai na iske goma sha ɗaya. Akwai sabo, akwai sabo2, akwai na_oga, akwai gyararre, akwai anka_kar_a_taba, akwai wani ma da aka sa wa gwada_wannan. Babu wanda ya rubuta ko a bayan ambulan wane ne na wace na'ura, ko wa ya taɓa shi, ko me ya canza. Na rubuta takardar koke sau biyu ina cewa ofishin da bai san sunan kayan aikinsa ba wata rana zai ba jama'a ƙarya da hatimin gwamnati. An sa wa takardun lamba, an ajiye su a fayil.

Ranar kuwa ta zo daga Gwashi. An haƙa musu rijiya bisa zanenmu, aka ɗaure ta, aka yi addu'a, aka watse. Da bazara ta tsaya sai rijiya ta ƙafe. Mai unguwarsu ya hau babur har Gummi, ya shigo ofishina ya ɗora busasshen guga a kan rijistata.

"Malam Usman, takardakku tac ce akwai ruwa. To ga guga, a ɗebo muna cikin takardar."

Na buɗe rijista a gabansa. Lambobina daidai suke. Zanen ne ya yi ƙarya: mukan fitar da layin a kan takardar da aka riga aka buga wa ma'auni a gefe, sai wani daga cikin direbobin nan ya matse tsawon layin, ya nuna ruwa ba ya sauka inda yake sauka. Wanne ne a cikin goma sha ɗayan, ba wanda ya iya faɗa mini. Na ba mai unguwa haƙuri, ya ɗauki gugansa, ya ce haƙuri ba ya jiƙa gero.

A cikin wannan makon aka kawo Uwani gida goyon ciki. Dole in yi wa jikoki bayani a nan, domin zamaninku ya fara sakin waɗannan abubuwa. Ita ce 'yata ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Uwani. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba, ban kuma taɓa rubuta shi ba. Takardunta na makaranta, tun daga firamare har kwalejin kimiyya inda ta yi difloma a kan kwamfuta, ƙanena Haruna ne ya cika su. Ba ma zama mu yi hira ni da ita. In tana da magana sai ta faɗa wa Innarku ina zaune ina ji, ni ma in mayar ta hanyar Innarku. Ta auri malamin makaranta a Anka, tana zaune da takardarta a akwati babu aiki.

Wata la'asar ina tsakar gida na kasa cin abinci, ina ba Innarku labarin guga. Sai na ji muryarta daga ƙofar ɗaki.

"Inna, ki ce ma Baba ya bugo mini su duka a takarda, kowane da nashi. In gani."

"Kin ji ki! Ke da ko sunkuyawa ba ki iyawa?"

"Ba noma za ni yi ba, Inna. Karatu na."

Innarku ta juyo gare ni ta ce, "To ka ji. Ashe ni ma direba ta, tsakanin injin ga da wancan."

Na nemi izinin shugaban ofis a rubuce, aka ba ni a rubuce, na bugo su. Har yau ina ganin hoton: dogayen takardu goma sha ɗaya a shimfiɗe a kan tabarmi biyu a inuwar darbejiya, an danne kowace da murfin kwano, Uwani ta jingina da bango ta miƙe ƙafa, jan biro a hannunta, tana bin su layi-layi. Innarku tana mita cewa an ƙwace mata murafe, miya na shan ƙuda. Kwana tara ta yi a haka. A rana ta goma ta ce a faɗa mini cewa ba direbobi goma sha ɗaya muke da su ba, guda ɗaya ne aka yi ta kwafa. Na'urorinmu uku yarensu ɗaya, karin harshe ne ya bambanta su, kamar Bazamfare da Bakano. Abin da ya raba takardun bai wuce girman takarda ba, da yawan alƙaluma, da saurin hannun na'ura. Ta kuma zagaye wata lamba da jan biro ta ce a miƙa mini. Ita ce ta kashe rijiyar Gwashi, kuma a cikin wanda aka sa wa suna gyararre take.

Daga nan ta fara zuwa ofis ranar Asabar, lokacin da babu kowa, Innarku na rakiya tana zaune a benci da carbinta. Ta narke goma sha ɗayan ta mayar da su direba guda, wanda ake faɗa wa wace na'ura ce da wace takarda, shi kuma ya daidaita kansa. Ta hana shi matse zane a ɓoye: in takarda ta yi gajarta sai ya tsaya ya faɗa. Sa'an nan ta kafa ƙa'idar suna, wadda na kwafa da hannuna na manna a bangon ofis. Suna zai fara da yaren da na'urorin ke ji, sai ƙirar na'urar ta biyo baya. Ba sunan gari, ba sunan oga, ba kuma a ƙara sa wa wani abu sabo, domin a cewarta wanda aka kira sabo bana, baɗi me za a kira shi? Tsofaffin sunayen ba ta kashe su nan take ba. Ta bar su na damina ɗaya: in ma'aikaci ya buga tsohon suna aiki zai tafi, amma kwamfuta za ta tuna masa sunan gaskiya.

Wanda ya tayar da ƙura shi ne Malam Sanusi, magatakardan reshen Anka, abokina tun muna samari, shi ne mai anka_kar_a_taba. Ya biyo bas ya iske mu a ofis wata Asabar, ko ruwa bai sha ba.

"Usman, shekara huɗu direban ga bai ba ni kunya ba. Na rubuta mai kar a taɓa, da Hausa, kun taɓa."

Uwani ta gaishe shi har ƙasa, gwargwadon yadda ciki ya bar ta. Ba ta yi gardama ba. Ta fitar da zanen rijiya ɗaya da tsohon direbansa, ta sake fitar da shi da nata, ta haɗa takardun biyu ta ce ya ɗaga su a hasken taga. Ya ɗaga. Layi ya hau kan layi, ba a ganin na biyu. Ya juya su, ya sake ɗagawa.

"To, na gani. Amma ina sunan Anka? Kun haɗa mu da Gummi, kun haɗiye mu."

"Kawu, in na'urakka ta lalace gobe aka kai maka ta Bukkuyum, sunan Anka mi za ya hwaɗa maka?"

"Ba ta lalacewa."

"Allah shi sa. Amma in kai ka yi ritaya hwa, wa za ya san abin da kab bari?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyar ga taka ta fi ka iya hwaɗa, don ita ba ta ɗaga murya." Ya karɓi fulofinsa, ya ce zai gwada wata ɗaya, in ya ga ba daidai ba zai dawo da guga shi ma. Bai dawo ba.

Uwani ce ta ce bai kamata gyaran ya tsaya a kanmu ba. Ta karanta a takardun da suka zo da manhajar cewa masu kula da ita suna tattara direbobinsu, suna haɗe masu kama da juna, kuma duk na tsohuwar na'urar da ba mai kula da shi za a sauke shi. Namu na alƙaluma na cikin haɗari. Ta ce wanda ya ci tuwon gayya ya kamata ya zo da fartanya. Ta zuba aikin a fulofi, ta rubuta bayaninsa da Turanci, ta ba Innarku ta ba ni.

"Ki ce ma Baba wurin suna na bar shi. Aikin ofis na, shi ya san yadda ake rubutawa."

Kwana biyu bayan haka ta haihu, mace. Tana cikin wankan jego ba ta fita, ni na ɗauki fulofi na nufi Gusau, domin a lokacin can ne kawai ake samun shagon intanet. Sai a fita Gummi bayan asuba, a wuce Ɗaki Takwas, a wuce Anka, a isa da hantsi, a bi layi. Da adireshin imel ɗina na aika, wanda injiniyan nan ya buɗe mini, mai ɗauke da cikakken sunana. A wurin suna na rubuta cewa aikin wani ne daga ofishinmu.

Bayan bikin suna na koma Gusau. Amsa ta zo daga mai kula da sashen direbobi, wani bawan Allah da ban san fuskarsa ba. Ya ce aikin tsaf yake, sun gwada, za su karɓa, ƙa'idar sunan ma za su bi ta a kan 'yan uwansa. Sai ya ce a faɗa masa sunan wanda ya rubuta, domin a sa a saman fayil kamar yadda suke yi wa kowa. Na ɗora yatsa na buga harafin farko. Hannuna ya tsaya. Fuskar mahaifiyata ce ta zo mini, tana zaune a kan turmi tana tsinke zogale, kuma ga ni ina shirin jefa sunanta tsirara a gaban baƙi. Na goge harafin. Na yi tunanin in sa mai shagon ya buga, sai na ga dole in furta masa ko in rubuta masa a takarda. Na amsa cewa a sa sunan ofis. Ban bar shagon ba amsarsa ta dawo: ya ce su ba sa rubuta ofis, domin ofis ba ya amsa tambaya in an sami matsala, mutum suke so. Sau biyu ke nan ya tambaya, kuma ina so ku riƙe wannan, domin shi ba shi da laifi ko ƙwayar zarra. Na tashi ban amsa ba. Na ce wa kaina wata mai zuwa zan zo da Haruna ya buga. Damina ta sauka, hanya ta lalace, aka yi wa Haruna canjin wurin aiki. Mutumin ya jira, da bai ji komai ba sai ya ɗauki sunan da ke kan adireshin.

Da sabuwar fitowar manhajar ta iso hannunmu, shugaban ofis ya buɗe fayil ɗin a gaban ma'aikata ya karanta sunana a samansa, aka yi tafi. Ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina cewa in na musa dole in faɗi mai aikin, kuma ba ni iya faɗa. Zan rubuta gaskiya a nan tunda don ita na zauna: rabin shirun kunya ce, rabin kuwa tafin ya yi mini daɗi. Malam Sanusi yana wurin. Shi kaɗai bai tafa ba.

Sakamakon shirun ya zo bayan shekara. Wata kwaleji, wadda ba zan ambata ba, ta nemi malamin kwamfuta. Uwani ta nema, ta rubuta wannan aiki a matsayin babbar shaidarta. Aka kira ta ganawa. Ɗaya daga cikin masu ganawar ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, ya ga sunana, ya ga shi ne sunan uban da ke kan takardunta, ya juya mata allon ya tambaye ta ko aikin babanta ne ta ɗauko ta zo da shi. Suka yi dariya, suka sallame ta. Har gobe ina jin zafin wannan. Mutane biyar masu digiri sun zauna don su auna ilimi, ga mai ilimin a gabansu, ga rubutun a buɗe, babu wanda ya ce mata ta bayyana layi ɗaya. Da sun yi mata tambaya guda da sun san wanda ya rubuta. Wannan sakaci ne da bai dace da masu riƙe da amanar ɗaukar ma'aikata ba, kuma na faɗa, na sake faɗa. Amma takardar da suka dogara da ita ni na bari ta yi ƙarya.

Daga can ba ta koma Anka ba, Gummi ta zo, da goyonta a baya. Ina zaure ina duba jarida. Ta durƙusa ta ajiye a gabana takardar da ta bugo ta saman fayil ɗin, mai ɗauke da sunana. Ranar ce karo na farko a rayuwarta da ta yi mini magana ba ta bi ta kan Innarku ba.

"Baba, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ɗaya gare ni. Masu manhajar sun tambaye ka suna?"

"Sun tambaya."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

Ta ce, "To." Ta gyara goyonta.

Innarku, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ba ta bar ni da "to" ba.

"Malam, kai da ka rubuta sunan kowace rijiya har da wadda jaki ya hwaɗa ciki? Ni ma ban taɓa kiran sunan ga ba, kuma ba ni kira har in mutu. Amma kunya baki aka ce ta kama, wa yac ce maka ta kama biro?"

Na ce wa Uwani tunda ta iya abin, ta rubuta musu da kanta ta ce a gyara, ni zan tabbatar. Ta girgiza kai.

"A'a, Baba. Kai ka koya muna. In an yi kuskure a rijista ba a gogewa, ba a kuma ba wani ya gyara. Wanda ya rubuta shi ka jan layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta kuskuren, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu. Ina jira."

Ta jira. Ban taɓa jin ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma rage mini komai na ladabi ba. Na sha ɗaukar biro. Akwai wasiƙu huɗu a akwatina da na fara, kowace ta tafi daidai har ta kai wurin sunan ta tsaya. Na yi ritaya, shagon Gusau ya rufe, na ce ai magana ta wuce.

Allah kuwa bai bar ta ba. Mijinta ya ba ta zaurensa a Anka, ta sa tsofaffin kwamfutoci biyu ta fara koyar da matan aure da magatakardan ƙaramar hukuma. Malam Sanusi, mai kar a taɓa, shi ne ɗalibinta na farko namiji, ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Zauren ya zama aji, ajin ya zama makaranta, yau akwai ɗalibanta a ofisoshin Anka da Bukkuyum da Gummi waɗanda ba sa ajiye fayil sai sun ba shi sunan da baƙo zai gane. An koma Gwashi aka ƙara wa rijiyar zurfi bisa zanen da direbanta ya fitar, kuma har na bar aiki ban sake ganin guga a kan teburina ba. Babbar na'urarmu mai alƙaluma huɗu ta yi aiki har hannunta ya gaji don kansa.

Abin da ya tayar da ni bayan tsawon shekaru ita ce jikata Safiya, wadda aka haifa a makon da na tafi Gusau. Ta zo hutu daga jami'a, ta zauna kusa da ni da kwamfutarta a cinya, ta ce tana so ta nuna wa angonta, wato ni, wani abu. Manhajar tana nan da rai, wasu mutane na ta kula da ita. Direban yana nan, an ƙara masa 'yan uwa a ƙarƙashin ƙa'idar sunan da aka tsara a kan tabarmar gidana. A samansa kuma ga sunana.

"Tsoho, kai da ko saƙon waya sai an buga maka, yaushe ka rubuta wannan? Ashe mijin nawa ɓarawon suna ne ban sani ba?"

Jika ce, tana da lasisin faɗa, aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na tambaye ta ko ana iya gyara irin wannan bayan shekaru. Ta ce a wurin mutanen nan ba a rufe rijista, kowane canji yana ajiye da ranarsa, kuma duk mai hujja yana iya neman a duba. Na ce ashe mutanen kirki ne, irin aikina suke yi.

Idona ya fara rauni, Innarku ta riga mu gidan gaskiya ba ta ga gyaran ba. Na kuma yi tunanin mahaifiyata da kyau. Mace ce da ko allura aka ara a gidanta sai ta ce a mayar wa mai ita da sunansa. Ban ga yadda za ta ji daɗin a ce don girmama sunanta aka danne haƙƙin takwararta ba.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina gabatar da wannan roƙo ga masu kula da wannan manhaja a yau, kuma na ɗora wa Safiya amanar fassara shi da isar da shi ba tare da ta rage kalma ba. Ina roƙon a buɗe bincike a kan wanda ya rubuta direban da aka karɓa daga ofishin rijiyoyi na Gummi. Hujjojina suna nan a ajiye: takardu goma sha ɗaya masu gyaran jan biro da rubutun hannun mai aikin, takardar izinin shugaban ofis, kwafin saƙonnin da muka yi musaya da mai kula da direbobi wanda na buga a Gusau na adana, da kuma shaidar Malam Sanusi, wanda yana raye a Anka kuma ya yarda a tambaye shi. In an gamsu, ina roƙon kada a goge sunana a ɓoye. A bar shi a tarihin fayil ɗin a matsayin kuskure, a bayyana cewa kuskuren nawa ne, a sa sunan mai haƙƙi a inda ya kamata tun farko.

Nawa ɓangaren na riga na yi. Yau da hantsi na aika aka kira Uwani daga Anka, na ɗauko takardar da ta ajiye a gabana a zaure, na ja layi ɗaya a kan sunana yadda kowa zai iya karanta shi. A gefe na rubuta da hannuna, tana kallo: Balkisu Usman. Na sa hannu a ƙasa. Ta ɗauki takardar ta duba ta kamar yadda na koya mata duba rijista, ta ce, "Baba, ka manta kwanan wata." Na karɓa na rubuta.